Ranar da Taubashina Ya Kira Ni Malam

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, Shi da ya bar mini mutanena har na tsufa a cikinsu. Abin da zan faɗa ƙarami ne a idon duniya, amma ya kusa raba ni da mutumin da na fi daɗewa da shi a rayuwa.

Ina da taubashi, ɗan goggona. Mahaifina da mahaifiyarsa ciki ɗaya suka fito, a Argungu, a gidan masunta. Ita aure ya kai ta ƙetaren iyaka, wani ƙauye a bakin kogi cikin ƙasar Nijar, idan an wuce Kamba. Da ɗanta ya isa karatu sai ta aiko shi gidanmu, wurin kawunsa. Ɗaki ɗaya muka tashi, akushi ɗaya muka ci, malami ɗaya ya koya mana baƙi da wasali, ya kuma koya mana rubuta Hausa da ajami. Da ya girma ya koma gida ya gaji tarun ubansa, daga baya ya zama mai fataucin bandar kifi. Ni kuwa na zauna a Birnin Kebbi, unguwar Nasarawa, ina karantarwa, ina rubuta wa mutane wasiƙa a zamanin da ake bukatar haka, ina kuma noma 'yar fadamata ta shinkafa a Ambursa.

Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka bawana ne, ko ya so ko ya ƙi. Ban taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai in ce, "Kai bawa." Shi kuma sunan da ya sa mini Tsoron-ruwa. Asalin sunan, muna yara muka bi manya su, wato kamun kifi, na hau gorar da masunta ke iyo a kanta kamar yadda kowa ke yi, gora ta juya da ni, na sha ruwa har na daina ganin sama. Shi ya kamo ni ta wuyan riga ya jawo ni bakin gaɓa. Daga ranar ban sake shiga gulbi ya wuce mini gwiwa ba. Ɗan masunta guda, amma ko kwalekwale zan shiga sai na karanta duk addu'ar da na sani. Ya riƙe wannan a kaina fiye da shekarun da zan iya tunawa. Ko a gaban surukaina sai ya ce, "Ku riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan a moɗa, kada ya nutse."

Duk shekara, idan watan cika-ciki ya kama, sai ya ƙetaro da kwandon banda a kai da tsintsiya a hammata. Ya tsaya ƙofar gidana ya yi shara ta ƙarya, yana ta da ƙura yana zagina, yana cewa bai taɓa ganin ubangida matsiyaci irina ba. Ni kuma in ce sharar ba ta fita ba, a sake. Daga nan in ba shi buhun shinkafar Ambursa ladan shararsa, mu zauna mu yi kwanaki muna cin mutuncin juna, matanmu suna dariya. Wanda bai san mu ba sai ya ɗauka gaba muke yi.

Sai abin nan ya faru wanda kowa ya sani. Sojoji suka karɓi mulki a can. Ƙungiyar ƙasashen yankinmu ta yi fushi, aka rufe iyaka, aka yanke musu wutar lantarki, har aka riƙa maganar yaƙi. Mu da ke nan Kabi abin ya zo mana kamar an ce hannun dama ya yi gaba da na hagu. Daga baya ƙasar tasu, ita da maƙwabtanta biyu, ta ce ta fita daga ƙungiyar. Aka zo aka buɗe hanya, motoci suka koma zirga-zirga, amma magana ba ta mutu ba. Kullum a rediyo ita ce: su dawo ko kada su dawo.

Muna da majalisa da muke zama bayan la'asar, ƙarƙashin dogon yaro, a ƙofar shagon wani ɗan Ibo mai sayar da kayan injin ban-ruwa. Ya daɗe a Birnin Kebbi har Hausarsa ta fi ta 'ya'yana kama da ta kakanninmu. Shi a wurinsa maganar ba ta da wuya.

"Su dawo mana," in ji shi. "Rabin masu sayen kayana daga can suke. Mi ar ribar hushi? Mai albasa na can shina kuka, mai inji na nan shina kuka."

Akwai kuma tela, maƙwabcinsa, mutum mai zafin rai, rediyo kullum a kan kekensa. Shi ba ya son jin kalmar dawowa.

"Oga, kai ciniki kawai ka sani. Mutum ya kwana cikin duhu wata da watanni, maƙwabcinsa ne ya kashe masa fitila, sannan a ce ya zo ya zauna tabarma ɗaya da shi kamar ba a yi komai ba? Ko kai ne ba ka dawowa."

"Ni? Wallahi da gudu. Ai ni ko matata ta kore ni, in dai akwai tuwo, sai na dawo."

Aka yi dariya. Tela ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai da ke da jini a can, mi kag gani?"

Ra'ayina dai shi ne su dawo. Ina ganin zumunci da hanya a buɗe sun fi komai, tunda ni ban san ranar da aka tambayi kakanninmu kafin a ja layin nan tsakanin ƙanwa da wanta ba. Da na faɗi haka na yi shiru, da ba abin da ya faru. Amma ranar an saurare ni, an gyaɗa kai, daɗin baki ya ɗebe ni. Na ce, "Ku tsaya ku ji yadda ake yi wa mutanen can magana. Ina da bawa a cikinsu."

Na ciro waya na danna wurin saƙon murya, na gyara zama.

"Kai bawa, da kai nake. An ce kun yi yaji kun bar gida. To yajin ya isa haka. Ka gaya wa mutanenku su ɗauko tsintsiya da goro, su zo su durƙusa su ba iyayen gidansu haƙuri. In sharar ta fita, ma duba mu ga ko za mu kunna muku fitila."

Majalisa ta kwashe da dariya, har tela. Dariyar mai shago ta fi ta kowa ƙara. Duk ta shiga cikin saƙon. Na tura, na koma gida ina jin daɗi, ina jiran irin ashar ɗin da zai dawo mini da ita.

Kwana ɗaya shiru. Kwana biyu shiru. A na uku saƙo ya shigo. Na kira mai ɗakina na ce ta zo ta ji abin da ɗan banzan nan zai ce. Na danna. Muryarsa ce, a natse, kamar mai magana da alƙali.

"Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Saƙo ya iso, an ji, an gode. A gaida iyali."

Mai ɗakina ta ajiye faifan da ke hannunta ta dube ni.

"Malam ya ce maka?"

Na ce haka na ji.

"To ka yi ɓarna," in ji ta. "Mi kac ce masa?"

Mutane da yawa suna kirana Malam, yara da manya, kuma ina amsawa. Amma daga bakin wannan mutum, ban taɓa jin kalmar da ta yi mini ciwo kamarta ba. Tsakanin taubasai, ranar da ladabi ya shigo, wasa ya fita ke nan, kuma mu ba mu da wata hanyar ƙaunar juna sai wasan. Ya mai da ni baƙo.

Na kira shi. Ya ɗauka, ya gaishe ni da kyau, ya tambayi ɗalibai, ya tambayi gona. Na ce, "Kai bawa, mene ne haka?" Ya ce, "Lafiya lau, Malam." Na tura saƙon ban-haƙuri, ya amsa da cewa ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Duk yadda na tsokane shi, sai ya mayar mini da girmamawa. Da cika-ciki ya zo, wani direba ya sauke kwandon banda a ƙofar gidana, ba tsintsiya, ba mai ita. Buhun shinkafarsa yana jingine a zaure, ina wuce shi safe da yamma. Kifin nan kuwa na kasa ci.

Da abin ya ishe ni sai na shiga mota na tafi Argungu wurin yayata. Ita ce babbarmu da ta rage, ita ta raine mu duka biyu, kuma mata suna da hanyar jin labari wadda ba ta bi ta kan iyaka. Na same ta a tsakar gida tana juya kifi a kan wayar banda, hayaƙi yana tashi. Ba ta bari na gama gaisuwa ba.

"Ka zo? Na ɗauka sai ka gama kunna wa mutane fitila."

Na zauna a kan turmi. Ta ba ni labarin abin da ban sani ba. Idon taubashina ya daɗe yana yin hazo, yanar ido ce ta kama shi. An shirya zai zo Birnin Kebbi a yi masa aiki, sai aka rufe hanya, ya zauna yana jira, ido yana ƙara rufewa. Bai gaya mini ba, don kada in samu abin tsokana. Saboda idon, ba ya iya ganin madannan waya, ɗansa ke buɗe masa saƙo. Ranar da nawa ya isa suna zaune a rumfar masu kifi, cikin jama'a. Ɗan ya ce saƙo ne daga kawu na Najeriya, uban ya ce a buɗe kowa ya ji, don yana alfahari da ni, yana so su ji irin wasan da muke yi. Aka buɗe da ƙarfi. Mutanen da suka yi watanni kifinsu yana lalacewa, yaransu suna karatu da aci-balbal, suka ji wani daga wannan ƙetaren yana cewa su zo su durƙusa, ga kuma taron maza a bayansa suna ƙyaƙyata dariya. Wani a cikinsu ya ce, "Ashe haka 'yan'uwan naka suke ganinmu." Taubashina ya sa aka kama hannunsa aka kai shi gida.

"Yanzu hanya a buɗe take," in ji yaya, "amma ya ce ba za a ja shi da sanda a kai shi gidan da aka ce ya durƙusa ba. Ya gwammace ya zauna da idonsa haka."

Na ce, "Yaya, wasa ne fa. Abin da na saba gaya masa ne tun muna yara."

"Ba shi ba ne. Da shi ka zaga, da ya rama har da ƙari. Ƙasarsa ka zaga, a kan abin da ya yi musu ciwo, kuma ka tara mutane su taya ka. Su waɗancan masu dariyar taubasansa ne? Kai da shi kuna da zaurenku. Waya kuwa ba ta da ƙyaure."

Ta gyara kifin da ke kan wuta. Can ta ce, cikin murya mai sauƙi, "Ka nemi abin da ku biyu kawai kuka sani, ka yi masa magana da shi."

A mota, kan hanyar komawa, muna wuce fadamu, abin ya faɗo mini. 'Ya'yansa bokon Faransanci suka yi. Suna karanta Alƙur'ani, amma ajamin Hausa, balle da hannuna, sai su yi ta lalube. Kafin zuwan waya, wasiƙa muke yi wa juna, kuma ba mai buɗe ta sai shi. Na yi shekaru ban rubuta masa ko layi ɗaya ba.

Washegari bayan na sallami ɗalibai na ɗauko gafakata. Na zaɓi karan gamba mai kauri na fere shi da faɗin baki, irin wanda ake rubuta wa mai farin shiga allo da shi, don idonsa ya iya kamawa. Na dama tawada ta yi baƙi ƙirin. Sai na tsaya, don ban san da wace murya zan fara ba. In na rubuta da ladabi, na amince da baƙuntar da ya ɗora mini. In na ce "kai bawa", na maimaita laifina. Na lalata takarda biyu. A ta uku, bayan Bismillah, na rubuta:

"Daga Tsoron-ruwa, zuwa ga wanda ya tsamo shi."

Daga nan sauran ya zo da sauƙi. Na gaya masa na yi wauta, na ɗauki abin da yake namu mu biyu na kai shi kasuwa don a yaba mini iya magana. Na ce ban san halin da idonsa ke ciki ba, kuma rashin sanin ma laifina ne, tunda ban tambaya ba. Ban yi masa ƙarya a kan ra'ayina ba. Na ce har gobe ina ganin ƙasarsu ta dawo cikin 'yan'uwanta ya fi, amma ba ni aka tambaya ba, ba shi aka tambaya ba, kuma wannan musu ne da za mu yi a kan tabarma ɗaya. Na rufe da cewa: in bai zo ba kafin wata ya mutu, ni zan ƙetara da tsintsiya, in share ƙofar gidansa da rumfar masu kifi a gaban duk waɗanda suka ji saƙon, su ga wanda ya durƙusa.

Ɗan namiji ya yi wa ɗan mace shara, ba a taɓa yi ba a gidanmu. Kuma da gaske nake, har na sayi tsintsiyar.

Na je majalisa ina neman direban da zai kai. Mai shago ya ji abin da ake ciki. Sannan ya miƙo hannu.

"Kawo nan, Malam. Ba direba. Dariyata ce ta fi ƙara a cikin abin nan, ni zan kai."

Na ce tafiyar da nisa, ga shago.

"Shagon ba ya gudu. Tela ya duba mini, in ya so ya yi ta wa'azi ga masu sayen bututu."

Tela bai ko musa ba. Ya ɗinka wa wasiƙar 'yar jaka da ƙyallen shadda don kada gumi ya taɓa tawadar. Mutumin nan ɗan kudu, wanda ba addininmu ɗaya ba, ba shi da taubashi ko ɗaya a duniya, ya rufe cinikinsa ya kama hanyar Kamba da takardar da ba ya iya karanta ko harafi ɗaya a cikinta. Ban manta masa ba, ba kuma zan manta ba.

Kwana biyu ya yi. Da ya dawo ya same mu a ƙarƙashin dogon yaro, ya zauna, ya nemi ruwa, ya sha a hankali, yana sane da cewa raina yana hannunsa.

"Oga, don Allah," in ji tela, "kada ka kashe mana Malam."

Mai shago ya ce ya sami taubashina a rumfar masu kifi. Ya gaya wa mutanen wurin cewa shi ne mai babbar dariyar nan, ya ba su haƙuri. Suka ba shi wurin zama da kifi, sannan suka yi masa ca a kan maganar dawowa. Taubashina kuwa ya karɓi takardar ya fita rana, ya kai ta dab da hancinsa, ya daɗe yana bi da yatsa. Sai ya sa aka kawo masa alƙalami.

Mai shago ya ciro jakar shaddar ya ba ni. A bayan takardata aka rubuta amsar, layukan suna hawa kan juna.

"Zuwa ga Tsoron-ruwa. Wannan rubutu naka kamar sawun raƙumi, wa ya gaya maka na makance? Malaminmu da ya ga wannan da ya zane ka. Ka ajiye tsintsiyarka, ba ka iya shara ba, kuma ba ka isa ka ƙwace mini aikina ba. Ƙasarmu ba ta dawowa sai an san an ɓata mata. Ni dai ina tafe, saboda shinkafata da ka danne. Ka gaya wa matarka ta rage gishiri."

Na karanta sau biyu. Tela ya ce, "Mi yac ce?" Na ce, "Ya zage ni." Suka ce alhamdu lillahi. Na tashi na shiga masallacin unguwa na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba.

Ya iso ranar wata Laraba da hantsi, ɗansa yana riƙe da hannunsa, tsintsiya a hammata. Ya rame. Ya tsaya ƙofar gidana ya fara shara, ba ya ganin inda yake sharewa, yana tura ƙasar cikin zaure maimakon waje. Na buɗe baki, sai na ji tsoro ya kama ni, na kasa. Ya tsaya ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"To? Ka zama bebe ne?"

Na ce, "Sharar ba ta fita ba, bawa. A sake."

"Matsiyaci," in ji shi, ya ci gaba.

Aka yi masa aikin ido a nan Birnin Kebbi, ya yi jinyarsa a ɗakin da ke kusa da nawa. Da ya fara fita sai na kai shi majalisa, tela ya samu abokin faɗa. Su biyu suka haɗe wa ni da mai shago kai. Taubashina ya ce mutumin da aka yi wa barazanar yaƙi ba ya dawowa don an ce masa albasa ta yi kwantai. Mai shago ya ce to ai albasar ce abincin yaran. Na ce a dawo a zauna, a faɗi ɓacin ran a cikin gida. Ya ce ni da ko gulbi ba na iya ƙetarewa, me na sani game da ƙasashe. Ba wanda ya ja wani zuwa ra'ayinsa. Na lura dai ban sake cewa "mutanenku" ba, shi ma bai ce "ku 'yan Najeriya" ba. In zagi ya taso, ni da shi ne kawai.

Ranar da aka cire masa audugar ido kuwa, tun kafin ya fara fita, ina tsaye a gabansa. Ya ƙifta ido, ya ƙifta, hawaye suna zuba saboda haske. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya daɗe.

"Subhanallahi," ya ce. "Ashe haka ka tsufa ka lalace? Da na sani da an bar mini idona yadda yake."

Har yau rediyon tela bai gama maganar ba, wasu na cewa a dawo, wasu na cewa ba yanzu ba. Allah ya zaɓa wa ƙasashen nan abin da ya fi alheri, ya sanyaya zukatan masu riƙe da su. Ni dai na gode Masa da ya ba ni yaya mai faɗa mini gaskiya, da maƙwabta irin waɗannan, da malamin da ya koya wa yara biyu rubutu iri ɗaya. Wayar tana nan, muna gaisawa da ita. Amma in ina da zagi mai kyau, sai in fere alƙalami. Takardarsa ta ƙarshe tana cikin gafakata, rubutun ya miƙe yanzu, ƙanana ƙanana, don ya nuna mini idonsa ya fi nawa. A ƙasa ya ce shinkafar bana duk tsakuwa ce.